Gidan Anne Hathaway: Tsohon Gida Mai Rufin Ciyawa a Ƙauyen Shottery

Masu kallo, wannan gida da kuke gani yana ƙauyen Shottery ne, kimanin kilomita ɗaya da rabi daga tsakiyar garin Stratford a ƙasar Ingila, kuma a cikinsa ne Anne Hathaway ta tashi kafin ta auri shahararren marubucin wasan kwaikwayo William Shakespeare a shekarar 1582. Sunan mijinta ne yake jawo baƙi daga ko'ina, amma ginin kansa ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin karkatar bangonsa da hawa da saukar rufinsa shaida ce ta yadda iyali guda suka yi ta ƙara masa ɗakuna tsawon zamani.

An kafa ɓangaren farko a shekarar 1463, a matsayin gidan manomi mai ɗakuna uku kacal, ba tare da bene ba. Magina sun nemo itatuwan da suka tashi a lanƙwashe, suka tsaga kowanne gida biyu, suka kafa ɓangarorin suna fuskantar juna har kawunansu suka haɗu a sama, ta yadda nauyin rufin yake sauka kai tsaye zuwa ƙasa. Saboda haka bangon bai ɗauki wani nauyi mai yawa ba, sai aka saƙa ƙirare a tsakanin katakan, aka yaɓe su da laka da aka cuɗa da ciyawa da kashin shanu. A wancan lokacin wuta a tsakiyar babban ɗaki ake hura ta, hayaƙi kuma ya riƙa neman hanyar fita ta cikin rufin.

Rufin nan shi ne abin da ya fi ɗaukar ido. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake baibayar jinka a ƙasar Hausa zai gane hikimar nan take, sai dai a Ingila sau da yawa karan alkama ake amfani da shi, a jera shi dami-dami da kauri sosai, a danne shi da 'yan sanduna da aka lanƙwasa kamar ƙugiya. Dole ne rufin ya yi gangara mai tsanani, domin a ƙasar da ruwan sama yake sauka a kowane wata na shekara, ana so ɗigon ruwa ya gangara ta saman karan tun kafin ya sami damar jiƙa ciki. Kaurin kuma yana riƙe ɗumi a lokacin hunturu. Ƙwararren mai baibaya yakan lanƙwasa karan a kan tagogin bene, abin da ya ba gidan wannan siffa mai laushi wadda babu kusurwa mai kaifi a cikinta.

Iyalin Hathaway masu kiwon tumaki ne, kuma 'yan haya ne a gonar, har zuwa shekarar 1610 lokacin da Bartholomew, ɗan'uwan Anne, ya sayi wurin ya zama mallakinsa. Daga nan ne aka faɗaɗa gidan, aka yi bene, aka gina bututun hayaƙi da tubali. Da yake filin yana kan gangare, sabon ɓangaren ya fi tsohon tudu, shi ya sa daɓen ɗakunan bai daidaita ba, rufin ma yake hawa mataki-mataki. A ƙarshe ɗakunan sun kai 12, wanda ya nuna cewa masu gidan manoma ne masu rufin asiri.

A shekarar 1892 hukumar da take kula da gidan haihuwar Shakespeare ta sayi ginin, kuma zuriyar Hathaway sun ci gaba da zama a ciki har 1911. Gobara ta cinye wani sashe a 1969, wadda ita ce babbar barazana ga kowane rufin ciyawa, amma an gyara shi bisa tsarinsa na asali, kuma har yau ana sabunta karan idan ya tsufa.