Wi-Fi Mai Gyara Kansa: Me Yake Gyarawa?

Tun da tallar mesh ta bazu, wato tsarin akwatunan Wi-Fi da yawa da ke miƙa wa juna intanet a cikin gida, ana ta cewa Wi-Fi ne mai gyara kansa, ko'ina ka ajiye akwatunan shi ke nan. A'a fa, ba haka ba ne.

[Akwatuna uku, fitilunsu na ƙiftawa]

Neman juna abu ne mai sauƙi. Kowane akwati yana shelar kansa kusan sau 10 a daƙiƙa, wanda ya ji shi sai ya sa shi cikin maƙwabtansa. Zaɓen tasha ma haka: a mitar Wi-Fi ta 2.4GHz, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa taka juna, sai a hau wadda ba cunkoso. Mu wuce.

Ga inda ake rikicewa. Ku dubi allo, an zare na tsakiya daga soket.

[Fitila ta mutu]

Babu wanda ya tashe shi. Abin da ya faru, na ɗakin baya ya aika saƙo, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya sanar da sauran cewa hanyar nan ta yanke, ya baza cigiya: wa ke da hanya zuwa babban akwati, inda intanet ke shigowa? Amsoshi su dawo, ya zaɓa. A ƙa'idar mesh ta 802.11s da IEEE, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin Wi-Fi, ta fitar a 2011, wadda Google Wifi, mesh ɗin kamfanin Google, ya hau kanta, ba a duba wa ya fi kusa. Lokacin da saƙo zai ci a iska ake aunawa. Zango biyu masu ƙarfi, wato saƙo ya biya ta wani akwati kafin ya isa, kan fi ɗaya mai rauni, kamar mai adaidaita da ya zaga ta lungu ya riga na kan titi isa.

Amma fa sai da lungun! In ka jera su layi ɗaya, falo, baranda, ɗakin baya, na tsakiya ya mutu, na ƙarshe zai yi ta cigiya ba mai amsa masa. Ka ajiye su yadda kowanne zai ji aƙalla biyu, kuma kada ka manta katangar bulo na cin sigina.

Ni dai a ganina, mai halin jan waya tsakaninsu ya ja, domin akwatin da ke karɓa yana miƙawa da rediyo ɗaya, wato na'urar sigina ɗaya da ke cikinsa, gudun kan ragu da kusan rabi a kowane zango.

In kuwa babban akwatin ne ya rasa intanet, wayarka za ta nuna sigina cike, bidiyon kuma ya yi ta juyi.