Makarantar da Ke Bakin Titi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau ya shafi yaran da ke koyon aikin wuta, da aikin famfo, da aikin gas, da kuma iyayen gidan da suke koya a hannunsu.

Kwanakin baya na tsaya a wani sabon gini da ake yi wa wayarin a unguwarmu. Na tarar da wani yaro, bai wuce shekara 16 ba, a kan tsanin katako, silifas a ƙafarsa, filaya a aljihun baya, tasta a maƙale a kunne. Kafin ƙiftawa da bismillah ya feɗe waya biyu, ya murɗe su, ya naɗe da salatif. Hannunsa ya faɗa, babu ko tantama. Sai na lura siririyar waya ya ja zuwa bayi, inda za a kafa hitar ruwa. Na ce, "Samari, me ya sa ka sa wannan a nan?" Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baba, haka Oga yake yi."

Wannan amsa ita ce ta hana ni sukuni. Yaron ba malalaci ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. An koya masa yadda ake yi, ba a koya masa dalili ba. Da wani ya zaunar da shi ya nuna masa cewa waya kamar bututu take, in ka tura mata abin da ya fi ƙarfinta zafi za ta ɗauka har robar jikinta ta narke, da ya gane me ya sa masu aikin ke ware waya mai kaurin 1.5 don fitilu, mai 2.5 don soket, mai 4 ko 6 kuma don hita da na'urar sanyaya ɗaki. Da ya gane fiyus ba ado ba ne, an yi shi ne ya ƙone domin gida ya tsira, don haka wanda ya maye gurbinsa da kakkaurar waya ya cire wa gidan mai gadi. Da ya gane wayar da ake binnewa a ƙasa, wadda masu gida da yawa ke cewa a bar ta don rage kuɗi, ita ce ke tsakanin matar gida da ajali ranar da wuta ta zubo a jikin firji. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ba ta san wasa ba.

Abin da ya raba waɗannan sana'o'i da sauran ke nan. Tela in ya ɓata ɗinki, a farke. Mai wayarin in ya ɓata aiki, kuskuren yana kwance cikin bango da silin, sai tsakar dare ya farka. Duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa muka ji an ce daga wutar lantarki ne, mu tuna akwai hannun da ya haɗa wayar nan, akwai kuma wanda ya koya wa hannun.

Gas kuwa ya fi ban tsoro, domin sabon baƙo ne a yawancin gidajenmu. Yaran da ke ɗura gas a shagunan cikin unguwa, nawa ne aka gaya musu cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya ya bi lungu da kwata yana jiran tartsatsi? Nawa ne suka san warin nan da muke ji ƙara masa shi aka yi da gangan domin a gane yana yoyo, kuma da kumfar sabulu ake neman inda tiyo ya huje, ba da ashana ba? Mutanen Kaduna ba su manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha, aka rasa rayuka, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Allah Ya kiyaye gaba.

Mai aikin famfo ma, da muke raina shi, rabin likita ne. Shi ke yanke shawarar nisan sokawe da rijiya. Shi ke shimfiɗa bututun ruwan sha ta cikin kwata, wanda in ya tsage kuma ruwa ya ɗauke, ƙazantar kwatar yake zuƙowa zuwa randa. In damina ta zo amai da gudawa ya ɓarke, asibiti muke kallo, alhali tun ranar da aka haƙa ramin aka yi ɓarnar.

To, ina hukumomi? Suna nan, kuma ba jiya aka kafa su ba. Asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971 yake, hedikwatarsa a Jos, kamfanoni na zuba masa kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashin ma'aikatansu. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE tana Kaduna tun 1977. Akwai NABTEB mai shirya jarrabawar kwalejojin fasaha, akwai hukumar samar da aikin yi ta NDE da shirinta na tura matasa koyon sana'a, akwai gwajin sana'a mai mataki uku na ma'aikatar ƙwadago. Hukumar kula da ingancin ayyukan lantarki ta NEMSA, da doka ta kafa a 2015, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Amma mai sauraro, tsakaninka da Allah, wanda ya yi maka wayarin gidanka ka taɓa tambayarsa wannan takarda?

Gaskiyar magana ita ce babbar makarantar sana'a a ƙasar nan ba ta da allo, ba ta da ƙararrawa. Tana bakin titi, a shagon Oga, inda uba ke kai ɗansa ya ce, "Ga amana nan." Daga nan yaro ya fara da shara da ɗaukar jakar kayan aiki da fasa bango, ya shekara yana kallo kafin a ba shi filaya. Wannan tsari ya ciyar da gidaje da yawa, ya raba dubban yara da zaman kashe wando, kuma duk wanda ya raina shi bai san garinsa ba. Sai dai Oga ba ya iya ba da abin da ba shi da shi. In shi ma a duhu ya koya, duhun zai gadar.

Shi ya sa nake ganin mun daɗe muna zuba ruwa a inda ba shuka. Gwamnati ta gina cibiya, a yanke kyalle, a tara matasa na wata uku, a raba musu akwatin kayan aiki da takarda, a ɗauki hoto. Wata uku ba ya yin mai wayarin. Waɗanda suka yi makaranta a zamanin tsarin 6-3-3-4 sun tuna injinan koyon sana'a da aka shigo da su suka ruɓe cikin akwatuna, babu malami, babu wuta.

A Jamus, yaron da zai koyi aikin wuta ko aikin famfo da ɗumama gida shekara uku da rabi yake yi. Yana da yarjejeniya a rubuce, ana biyansa duk wata, mafi yawan kwanakinsa yana wurin aiki tare da maigidansa, kwana ɗaya ko biyu a mako yana aji ana koya masa lissafi da ka'ida. A ƙarshe majalisar masu sana'a ce ke jarraba shi, ba maigidansa ba. A Ingila kuwa, doka ta hana mutum taɓa aikin gas a gidan wani sai sunansa na cikin rajistar ƙwararru. Ba su rushe shago ba, aji suka kawo masa.

Mu ma an gwada, ba sai mun tsallaka teku ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta shiga kasuwar Panteka ta haɗa hannu da masu sana'ar da ke can, domin a ƙara musu ilimi a kuma ba su shaida a kan abin da suka riga suka iya. Tsarin NBTE na matakan ƙwarewa ya yarda a auna mutum da aikin hannunsa ko da bai zauna a aji ba. Abin da ake buƙata ke nan a kowace jiha: a fara da Oga, a jarraba shi, a ba shi takarda da martaba, sannan a buɗe wa yaransa ƙofar kwalejojin fasaha da yamma ko ƙarshen mako, a koyar da su da Hausa in ta kama. Dokar ƙwadago ma ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, ta kuma ce yaron da iyayensa suka bayar kada wa'adinsa ya wuce shekara biyar. Ƙungiyoyin masu sana'a su riƙe wannan, domin kada yaro ya tsufa yana aike babu ranar yaye.

Ku kuma masu gini, araha ba ta ado. Ku ne ke cewa a sayo waya mai sauƙi, ku ne ke korar wanda ya ce sai an binne wayar ƙasa ku kira wanda zai yi shiru.

Lokaci ba ya jiranmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sola ta hau rufin gidaje da shaguna, ana sauya motoci su koma amfani da gas. Ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da gas ɗin zai shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri, za a nemi masu haɗa bututu da ke da shaida a hannu, kuma yaron nan na kan tsani shekara 16 kawai yake da ita, akwai sauran lokacin da za a zaunar da shi a gaya masa dalili.