Da Na Sani Ƙeya Ce, Amma Tim Yana da Kwaba

Hajara: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka. Hajara ce, ga Nura a gefena, ga Yaya Bala can ya rungume kofin shayinsa. Gargaɗi tun da wuri: yau fasa ƙwai za mu yi. Wanda bai kalli *About Time* ba, kuma ba ya son a faɗa masa ƙarshe, ya tsaya nan ya je ya kalla tukuna.

Nura: Fim ɗin 2013 fa, Hajara. Wanda ya yi shekara goma da ɗoriya bai kalla ba, ai ba mu da alhakinsa.

Yaya Bala: Ni makon jiya na fara kallonsa, saboda ku kuka matsa. Sai ka ɗauki alhakina.

Nura: Tuba nake, Yaya. To ga labarin a gurguje. Wani saurayi ne, Tim, gidansu na bakin teku a Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila. Da ya cika shekara 21 sai babansa ya kira shi ɗaki ya ce akwai sirri a zuriyarsu: mazan gidan suna iya komawa baya cikin lokaci. Babu na'ura, babu waya. Ka shiga wuri mai duhu, kamar kwabar kaya, ka dunƙule hannu, ka tuna lokacin da kake son komawa, shi ke nan ka isa. Sharaɗin shi ne cikin rayuwarka kaɗai za ka yi yawo, inda ka taɓa kasancewa.

Hajara: Kuma da aka tambaye shi me zai yi da wannan baiwa, budurwa ya ce.

Nura: Ni nan ya fara ba ni haushi. A ba ni kwabar nan, 2014 zan koma, lokacin dala ba ta kai naira 200 ba, in sayar da duk abin da na mallaka in saya.

Yaya Bala: Riƙe wannan maganar taka, za mu dawo kanta. Uban ma ya hana shi bin kuɗi, ya ce akwai wanda ya gwada a gidan bai ji daɗi ba. Shi karatu ya yi da nasa ikon, littattafai ya yi ta maimaitawa.

Hajara: Richard Curtis ne ya rubuta, shi ya ba da umarni. Shi ya rubuta *Notting Hill* na 1999, shi ya yi *Love Actually* na 2003, saboda haka mutum ya san irin tuwon da za a tuƙa masa: Bature mai jin kunya, yana in'ina, ga Ba'amurkiya kyakkyawa a Landan. Domhnall Gleeson ne Tim, Rachel McAdams ce Mary, Bill Nighy ne uban. Kusan dala miliyan 12 aka kashe, ya dawo da sama da miliyan 80. Kuma ban musa ba, yana da daɗi. Haɗuwarsu ta farko ta burge ni ƙwarai. Gidan abinci ne da ake ci a cikin duhu ƙirin, makafi ne ke kawo abincin. Minti da dama allon baƙi ne, murya kawai kake ji, suna hira suna dariya. Ya so ta kafin ya ga fuskarta. Ta ba shi lambarta.

Nura: Sai ya goge abin da hannunsa.

Hajara: Yauwa. Ya koma gida ya tarar mai gidan da yake zaune, marubucin wasan dandamali ne, ransa a ɓace, don jarumin wasansa ya manta zancensa a daren buɗewa. Tim ya shiga kwaba ya koma ya gyara masa. Tunda daren ɗaya ne, bai je gidan abincin ba ke nan. Ya duba waya, babu lamba. Mary ba ta taɓa ganinsa ba. To daga nan ne ni da fim ɗin muka raba gari.

Yaya Bala: Me ya yi miki?

Hajara: Yaya, duba fa. A hirar cikin duhu ta gaya masa tana son Kate Moss, mai tallan kayan ƙawa. Sai ya je wurin baje kolin hotunanta ya kafa ya tsare, kwana da kwanaki, har Mary ta zo. Ya tarar ta yi sabon saurayi. Ya bi ta da dabara har ta faɗi rana da wurin da suka haɗu, ya koma baya ya riga mutumin zuwa, ya janye ta daga wurin bikin. Sannan ya ɗauki kalamanta na kanta a kan Kate Moss ya maimaita mata kamar nasa. Ita kuwa baiwar Allah ta ce ta samu wanda tunaninsu ya zo ɗaya. A nan gida in mace ta yi wa namiji haka, me za a ce?

Nura: A ce ta shiga malamai.

Hajara: A ce ta mallake shi! Dangi su tashi tsaye neman makari. Amma da yake jan gashi gare shi, yana sunkuyar da kai, ga kiɗa mai sanyi a ƙasa, sai mu ce soyayya ce.

Yaya Bala: Zan ɗan kare shi. Ai ta riga ta so shi a daren farko, ba tare da wata dabara ba. Abin da ya ɓata ne yake nema. Ba ƙirƙiro son ya yi ba.

Hajara: Waccan Mary ce ta so shi. Wannan ba ta san an yi ba. Kuma har suka yi aure, suka haifi 'ya'ya uku, bai taɓa gaya mata ba. Ko sau ɗaya. Duk saɓanin da za su yi, yana iya shiga kwaba ya share, ita ba ta da labari. Daren da ya fara kwana gidanta ma sau uku ya maimaita, fim ɗin ya mai da abin barkwanci. Af, iyaye, wannan wurin ba na kallo da yara ba ne.

Nura: Fim ɗin ma ya ƙaryata kansa a nan. Kun tuna Charlotte, ƙawar ƙanwarsa da ta zo hutu, wadda Margot Robbie ta fito a matsayinta? Ya bari sai daren ƙarshe ya furta, ta ce ai da tun farko ya faɗa. Ya koma ya faɗa da wuri, ta ce ya bari sai daren ƙarshe. Shi da bakinsa ya yanke cewa komawa baya ba ya sa a so ka. Da aka zo kan Mary kuwa, gwaji ya yi ta yi har ta faɗa hannu.

Hajara: Ita Rachel McAdams ma tausayi take ba ni. A 2009 ta yi matar mai yawo cikin lokaci a *The Time Traveler's Wife*. A 2011, a *Midnight in Paris*, wanda zai aure ta ne ke komawa Paris ta da. Ga wannan a 2013. Kullum namiji na tafiya, ita tana gida tana jira.

Yaya Bala: Kamar matar direban tirela.

Nura: (dariya) Wallahi. To bari in sauke nawa kayan, don ni dokokin ne suka dame ni. An ce maza kaɗai. Amma da ƙanwarsa Kit Kat ta yi haɗarin mota saboda wani mugun saurayi, hannunta kawai ya riƙe suka koma tare. Tun yaushe aka fara ɗaukar fasinja? In ana ɗauka, me ya hana shi ɗaukar matarsa ko sau ɗaya? Sannan in ya koma baya ya gama gyara, wani lokaci sai ya shiga kwaba ya dawo yau, wani lokaci kamar ya zauna ya sake rayuwar gaba ɗaya. Ba a taɓa fayyace mana ba.

Yaya Bala: Nura, kai lissafi ka je yi, mutane kuka suka je yi. Amma akwai doka ɗaya da ta yi aiki, ita ce ma ƙashin bayan fim ɗin. Bayan ya gyara rayuwar ƙanwar tasa, ya dawo gida da murna, ya je ɗaukar 'yarsa Posy, sai ya tarar da yaro namiji. Ɗansa ne, amma ba ita ba ce. Uban ya yi masa bayani: in ka koma bayan kafin a samu cikin yaro ka canza ko ƙanƙanin abu, wani yaron daban za a haifa. Dole ya warware gyaran, ya bar ƙanwarsa ta yi haɗarin, sannan shi da matarsa suka zauna bakin gadonta a asibiti har ta yarda da kanta ta rabu da saurayin. Yanzu dawo da maganar dalarka. 'Yarka shekararta nawa?

Nura: Huɗu.

Yaya Bala: To je ka 2014.

Nura: A'a, Yaya. A bar dalar.

Hajara: Ka gani ko. Amma shi yaron da aka share fa? Jariri ne mai rai, uwarsa ta san shi, ta shayar da shi. Minti biyu aka yi aka wuce, babu wanda ya sake tuna shi.

Yaya Bala: Wannan gaskiya ne, ban ma yi tunaninsa ba. Sai dai ni, in faɗa muku, tun daga tsakiya na daina kallonsa a matsayin fim ɗin saurayi da budurwa. An yi auren da wuri, ruwa da iska suka watsa bikin, amarya da jar riga tana dariya. An gama da wannan. Sauran duk na ɗa da uba ne. A wurin bikin uban ya tashi ya yi jawabi, kowa ya yaba, shi kuwa bai gamsu ba don bai faɗa wa ɗansa yana ƙaunarsa ba. Ya koma baya ya sake jawabin don kalmar nan kaɗai. Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa…

Hajara da Nura: Amin.

Yaya Bala: …har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Alkunya. “Kai, wannan,” ko ya aiko ƙanena ya kira ni. Na san yana sona, a kuɗin makaranta na gani, a yadda yake tsayawa bakin ƙofa in na yi dare. Amma mu zauna mu yi wasa, kamar yadda waɗannan ke buga ƙwallon tebur suna tsokanar juna, ba a yi ba. Da aka zo wurin da ciwon daji ya kama uban, ya ce ba zai iya komawa ya bar taba ba don ya fara sha tun kafin a haife su, in ya taɓa wannan ya rasa 'ya'yansa, sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

Nura: Kuma ranar jana'izar, mutane na shirin fita, Tim ya shige kwaba ya je ya sami uban a zaune yana karatu, lafiyarsa ƙalau.

Yaya Bala: Wannan ne abin da kowa ke so, ba budurwa ba. Mu mun san ƙaddara ta riga fata, ba wanda ke jayayya. Amma a ce akwai ɗakin da za ka shiga ka tarar da tsohonka yana nan. Sai matar ta ce tana son ɗa na uku, shi kuma ya san ranar da aka haifi yaron nan ƙofar ta rufe. Ya zaɓa tsakanin wanda ya tafi da wanda bai zo ba.

Hajara: Ita kuma ba ta san abin da ta roƙa ba, don bai gaya mata ba. Kun ga inda nake ta nufa? Ko a wurin da ya fi taɓa zuciya, an bar ta a waje.

Nura: Ni kuma shawarar uban ce ban saya ba. Wai ka yi kowace rana sau biyu, na farko da damuwarta, na biyu kana lura da daɗinta. Daga baya Tim ya ce ya daina komawa ma gaba ɗaya, sau ɗaya ya ishe shi. Da sauƙin faɗa ga lauya a Landan, wanda ubansa ya yi ritaya yana shekara 50, gidansu na kallon teku, kullum ana shan shayi a bakin ruwa. Wanda ya wuni a layin mai, a ce ya maimaita ranar?

Yaya Bala: Ban ce ka yi ƙarya ba.

Nura: Kuma ziyarar ƙarshe, da suka koma yana ƙaramin yaro suna jifa da duwatsu a bakin teku, ai shekaru ne kafin a haifi Posy. Sun karya dokar da aka gina fim ɗin a kanta. Uban ya ce in sun yi hankali ba su canza komai ba, ba matsala. Dutse ɗaya ya faɗa inda bai faɗa ba a da, ai an canza.

Hajara: To ka yi kuka a wurin ko ba ka yi ba?

Nura: Wannan ba ya cikin tambayoyin da muka shirya.

Hajara: Matarka ta turo mini saƙo, Nura.

Nura: Mura nake yi ranar.

Yaya Bala: Ku bar shi. Hajara, miƙo fulas ɗin nan, shayina ya huce.