Littafin Miƙa Aiki da Katangar Suleja

(An rubuto daga faifan laccar da wani tsohon jami'i ya yi wa sababbin ma'aikatan gidan gyaran hali)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Kwanturola, manyan jami'ai, ƙannena sababbin ɗauka, barkanmu da warhaka.

Tun 2019 doka ta sauya mana suna, gidan yari ya koma gidan gyaran hali. A unguwa dai har gobe gandiroba ake ce mana, ni kuma ban taɓa jin haushi ba.

Da an ce tsaro, hankalin kowa Kuje yake tafiya, daren 5 ga Yulin 2022 da 'yan bindiga suka fasa gidan, fursunoni sama da 800 suka fice. To, amma Suleja fa? A Afrilun 2024 ruwan sama ne kawai ya kayar da katanga, mutum sama da 100 suka tsere. Bayan wata biyar madatsar Alau ta ɓalle, ambaliya ta ci gidan Maiduguri, sama da 270 suka fita. Ɗan bindiga ba ya sallama, amma damina kowa ya san watan zuwanta. Tsarin da bai tanadi inda za a kwashe mutane ba idan ruwa ya shigo, da motar da za ta ɗauke su, da wanda mabuɗi yake hannunsa, wannan takarda ce kawai a durowa.

Kuma wa yake fara ganin tsagewar bango? Ƙaramin ma'aikacin da ke zagayen dare. Mai kicin shi ya san ɗakin da aka dawo da tuwo ba a taɓa ba. Ma'aikacin jinya ya san wanda ya kwana uku bai runtsa ba. Kowa na riƙe da guntun labari, ba su haɗuwa sai a wurin miƙa aiki.

Bari in tona wa kaina asiri. A wani gida da na yi aiki, na karɓi aikin safe, ƙidaya ta cika, na rattaba hannu ban karanta littafin ba, wai ina saurin shan shayi. Ashe yaron dare ya rubuta cewa mutum biyu a ɗaki guda sun kwana suna cacar baki. Kafin azahar an fasa wa ɗaya kai. Yaron ya yi nasa, ni babba na kwafsa.

Sai cunkoso. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da muke tsare da su jiran shari'a suke yi. Dokar 2019 ta ɗora wa Kwanturolan jiha sanar da Babban Jojin jiha idan gida ya cika ya batse. Da me zai je masa? Da alƙaluman ofishin rajista. Idan mai rajista bai san wane ne ya shekara ba a kai shi kotu ba, don direba bai faɗa masa mota ta lalace ba, Kwanturola hannu rabbana zai shiga ofishin joji.

Na ga ana yi mini nuni da agogo. Bayan sallar la'asar kowane rukuni ya zo da littafinsa na makon jiya, mu karanta shafi-shafi.