Tozon raƙumi, tekun Kalambaina da rediyon Kawu

Auta: Assalamu alaikum jama'a, ga mu kuma, ni da Kawu da Malama. Ba sai mun yi dogon bayani ba, kowa ya ga gardamar da anka yi a WhatsApp tun daren Juma'a, wai tozon raƙumi ruwa ne a ciki. Wani ma rantsuwa ya yi.

Malama: Kitse ne wallahi, ba ruwa ko ɗigo.

Kawu: Kitse ne hwa. Wanda ke musu ya tafi Kara ya tambayi mahauta. In raƙumi ya daɗe bai samu abinci ba tozon nan shi yake ci, shi ya sa za ka gan shi ya kwanta gefe guda ya yi laushi. To bari in ƙara muku guda, ƙashin wuyan raƙumin dawa nawa ne?

Auta: Da tsawon nan? Ashirin.

Kawu: 7 ne yaro, daidai da naka, kowane dai dogo ne. Kuma irin na yankinmu saura kaɗan, suna nan Kure kusa da Yamai, nan maƙwabta. Amma ni abin da ya fi tsaya man a rai shi ne ƙasar da muke takawa. Kun san nan wurin teku ne a da?

Malama: Sakkwato Kawu? Da zafin nan?

Kawu: Sakkwato dai. Sama da shekara miliyan 50 baya ruwan teku ya ratso ta Sahara ya rufe wannan yanki, dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ana siminti ai ragowar halittun ruwan nan ne sunka taru sunka daskare. Har wani kada na zamanin da masana sunka tono ƙashinsa, sunan garin nan anka sa mai, Sokotosuchus. Kullum muna wuce tirelolin siminti, ba mu san ƙasan teku ake ɗauka ba.

Auta: Ke nan gidanmu da ƙasan teku anka gina shi.

Malama: To ni tawa ta jar akuya ce. Fatar da Turawa ke kira fatar Maroko, da yawanta ta akuyarmu ce, a jeme ta nan, ayari ya ƙetara hamada da ita, can a sayar wa Turawa sai suna ya bi inda sunka saya.

Kawu: Madalla Malama. Irin wannan duk a rediyo munka fara ji. Auta, BBC Hausa yaushe ta fara?

Auta: Bayan 'yancin kai?

Kawu: Kafin nan. 13 ga Maris 1957, minti 15 kacal, muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna 1962, Jamus ta shigo da Hausa 1963, Muryar Amurka sai 1979. Mahaifinmu Allah ya jiƙan shi yana da wata akwatin rediyo, matata ta ɗinka mata riga daga baya don ƙura, ba mai taɓa ta sai shi. In anka idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma ƙofar gida, dattawan unguwa su zo, ya ja eriya ya shiga murɗa gajeren zango, mita 19, mita 25, mita 31, ƙara na tashi kamar ana soya gyaɗa, sai ka ji murya ta fito daga Landan tar. Yaro ya yi tari a lokacin ya shiga uku.

Malama: Batir fa Kawu, ku faɗi ta batir.

Kawu: Af, batir! In ya yi sanyi sai a jera shi bisa katanga a rana, wasu har cizonsa suke, wai ya ƙara kwana biyu.

Auta: Cizo kuma?

Kawu: Cizo. Kuma yana ɗan tashi, ya kai ka ƙarshen labaran duniya ya mutu.

Malama: Mu a gidanmu yayata ce mai shanya, in hadari ya taso a kwashe batir kafin a kwashe wanki.

Kawu: Ai dole, wanki zai bushe gobe, labaran yau fa? Ga zaɓi sonka, ka sayi kati ka jera sunan mutum goma sha, ka zauna sati kana jiran a kira sunanka, ranar da anka karanta unguwa duk ta san kai wani ne. Kuɗin ma da kwabbai ake lissafi. Taro kwabo nawa?

Auta: Kawu ni naira na tarar.

Kawu: Taro 3, sisi 6, sule 12, sule 20 fam guda. Naira ta zo 1 ga Janairu 1973. Har yau kuna cewa ba ni da ko sisi, ga asalinta nan. Kwabo kuwa daga kalmar Turawa ta jan ƙarfe ya fito, bakinmu ya gyara ta.

Malama: Kawu lokaci, mun ce za mu rufe da tarihi, an fara kiran la'asar.

Kawu: To da sauri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garin nan 1809, Shehu ya rasu 1817, wannan kowa ya sani. Tambayar mako, wane Bature matafiyi ne ya zo wurin Bello sau biyu, ya rasu nan Sakkwato 1827? Ku turo amsa.

Auta: Ta kogin Rima fa da munka shirya?

Kawu: Sati mai zuwa. Miƙo man butar nan.