Injin wanki yana shokin: filta ce ta mutu, ko wayar ƙasa ce babu?

[Testa tana haske a jikin injin wanki]

Assalamu alaikum jama'a. Kun ga wannan hasken? A jikin inji na ɗora testa, ba a soket ba. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini: "Malam, injin wankina yana shokin, an ce filta ce, in cire ta in haɗa wayoyin kai tsaye?" To ku ajiye filaya tukuna, mu duba.

Filtar da ake nufi ba waccan ta ruwa ba ce da ke ƙasan inji, mai tara tsabar kuɗi da allurar ɗankwali. Wannan ta wuta ce. Ku cire fulogi, ku kwance sukurorin baya, ku ja murfin sama ya zame. Sai ku bi wayar wuta daga inda ta shigo, abin da ta fara tararwa shi ne filta. Ga ta nan, kamar ɗan gwangwanin tumatir. A wasu injinan ɗan allo ne mai kwayil cikin akwatin roba, wani lokaci har da fis a kai. Masu injin roba mai tukunya biyu kada ku wahalar da kanku, yawancinsu ba su da ita.

Ana ce mata filtar hana ƙara, kuma sunan nan ya ruɗi mutane da yawa. Idan injinku na ruri lokacin matse kaya kamar jirgi zai tashi, ku nemi boris, ita ba ruwanta. Ƙarar da take tarewa kunne ba ya jin ta. Dattin lantarki ne da motar inji da bod, wato allon lantarkinsa, ke fitarwa, wanda in an bar shi zai bi wayarin gida ya dami rediyo da talabijin.

[An kusanto da rubutun jikin filta]

Ku karanta jikinta, komai a rubuce yake. Volt 250, amfiya 16. Akwai babbar kafasta ɗaya tsakanin layif da nutural, ita ce mai alamar X, a wannan maikrofarad 0.47 ce. Akwai kwayil, akwai resista mai sauke cajin da ya rage idan an zare fulogi. Sai ƙananan kafasta biyu masu alamar Y. Su biyun nan su ne labarinmu na yau, don haka a nan zan ja birki.

Ɗaya ta taso daga layif ta sauka a jikin inji. Ɗayar ta taso daga nutural, ita ma ta sauka a jikin inji. Haka kamfani ya tsara, da gangan. Aikinsu su kwashe dattin nan su zuba a wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke cewa atin. Amma ba datti kaɗai ke wucewa ba, 'yar wuta kaɗan tana bi, ta wannan filtar ba ta kai miliamfiya 2 ba. Matuƙar akwai atin, ta can za ta sulale, ba wanda zai san da ita.

To idan babu atin fa? Wutar ba ta da hanyar fita. Jikin inji ya zama kamar gugan da ke rataye tsakanin mutum biyu, kowa na ja daidai da ɗan uwansa, sai ya tsaya a tsakiya. Wutarmu volt 230 ce, rabinta 115. Ku kalli mita.

[Mita tsakanin jikin inji da nutural]

Kun gani? Kusan rabi. Kuma wannan filtar sabuwa ce fil, yanzu na ɓare ta daga leda. Uwargida ta zo da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi, a kan siminti, ta taɓa ƙofar inji, ita ce ta zama atin. Sai ta ji zirrr a yatsa.

Yanzu ku duba fulogin. Injinan hannu da ake kawo mana daga Turai da yawansu fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu gare su, atin ɗinsa 'yan ƙarafan nan ne da ke gefe. Soket ɗinmu na Najeriya kuma irin na Ingila ne mai rami uku. Me muke yi? A cusa murfin biro a ramin sama, a danna fulogi da ƙarfi. Wuta ta shiga, inji ya tashi, amma ƙarafan gefen nan iska suke taɓawa. Wani gidan kuma soket ɗin mai rami uku ne tsaf, sai ka kwance shi ka tarar ba waya ko ɗaya a ramin sama. Haka ma janaretan da aka ajiye a tsakar gida ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba.

Ni ma abin ya taɓa cina. Farkon fara aikina na hau babur har kasuwa na sayo sabuwar filta, na ɗaura, na ce wa Hajiya an gama. Ta taɓa ta yi tsalle. Kallon da ta yi mini har yau ban manta ba.

Masu cewa a cire filta a haɗa kai tsaye, e, shokin ɗin zai iya ɗaukewa. Amma atin har yanzu babu. Ranar da hita ta fashe a cikin ruwa, 230 ce cif za ta hau jikin inji, kuma wannan ba zirrr take yi ba. Injin da ke shokin a daina wanki da shi sai mai wayarin ya gyara atin, don hitar da ta fara yoyo ma haka take farawa.

To yaya ake gane filtar da ta mutu da gaske? Alamunta uku ne: inji ya mutu murus ko fitila ba ya kawowa, ko a ji fas da warin ƙuna daga baya, ko bireka ta faɗi da zarar an sa fulogi, tun ba a danna komai ba. Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta, domin filta tana gaban makunni, fulogi na shiga ta samu wuta. Idan kuwa sai wanki ya yi nisa, ruwa ya fara ɗumi, sannan bireka ta faɗi, hita za ku tuhuma.

Fulogi a zare, ku jira 'yan mintuna. Ku ɗauki hoton wayoyin da wayarku, sannan ku zare su duka. In kun bar na cikin inji a haɗe, injin kuke aunawa ba filta ba.

Mita a kan ƙara, wato inda take yin tii in hanya a haɗe take. Layif na shiga da layif na fita, dole ta yi tii. Nutural da nutural, tii. In ɗaya ta yi shiru, hanya ta yanke. Layif da nutural kuma ba a son ƙara ko kaɗan. Ku mayar da mita kan om, za ku ga adadin resistar da aka rubuta a jiki, a nan kilo-om 680. Sai kowace ƙafar layif da nutural da gwangwanin, nan mita ta nuna a buɗe yake. Duk wani adadi da ya zauna a nan, kafastar Y ta lalace.

Sai dai mita batir ɗin volt 9 take amfani da shi, akwai yoyon da ba ya fitowa sai wuta ta yi ƙarfi. In mita ta ce lafiya lau amma bireka na ta faɗuwa, a sa mega, wato mitar gwajin yoyon wuta, mai volt 500 tsakanin ƙafafun da gwangwani. Wadda ta kumbura ko ta yi baƙi kuwa, ba sai an auna ba.

[Ana ɗaura sabuwa, hoto na gudu da sauri]

Sauyawa ba wuya. Ku tafi shago da tsohuwar a hannu, amfiya kada ta gaza ta asali. Noti ɗaya ne ya riƙe ta. Ruwan ƙasa layif, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya atin, sauran ku bi hoton da kuka ɗauka. Kan wayar da ya ƙone ko ya saki a sauya shi, in ba haka ba zai yi zafi ya ci sabuwar. Notin nan a ɗaure shi tamau, don a wasu filtocin ta nan take haɗuwa da jikin inji.

Kafin ku mayar da murfi, mita a kan ƙara, ƙafa ɗaya a atin na fulogi, ɗaya a ƙarfen inji inda ba fenti. Tii. Na yanke fulogin Turai na sa mai ƙafa uku da fis 13, soket ɗin nan kuma an ja masa atin jiya. Bari mu sake ɗora testa.

[Testa a jikin inji, ba haske]