Antioksidan: Me Ya Sa Abinci Ya Yi Nasara Inda Ƙwayar Magani Ta Gaza?

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Antioksidan, wato sinadarin da ke kare jiki daga ɓarnar da oksijin ke yi masa, ya cika kwalaben magani da tallace-tallacen intanet, ana sayar da shi a matsayin maganin tsufa, maganin ciwon daji, maganin komai da komai. Kafin mu gaskata ko mu ƙaryata, bari mu leƙa cikin jiki tukuna.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinku akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira mitokondiriya. A nan ake ƙona abincin da kuka ci da oksijin ɗin da kuka shaƙa domin a samu ƙarfi. Murhu ne dai, kuma murhun da ke ci ba ya rasa tartsatsi. Wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce ɗauke da elektiron guda wanda ba shi da abokin zama. Shi ne firi-radikal. Ba ya iya zama a haka, sai ya fizgi elektiron daga duk abin da ya tarar kusa: kitsen da ya kewaye ƙwayar halitta, ko furotin, ko DNA. Wanda aka fizge wa shi ma ya fizgi na maƙwabcinsa, ɓarna ta yi ta bi layi.

Jiki kuwa bai naɗe hannu ba. A 1969, Joe McCord da Irwin Fridovich na Jami'ar Duke a Amurka suka gano wani enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) mai suna SOD, wanda aikinsa shi ne kama irin wannan oksijin ya mai da shi haidirojin faroksaid. Daga nan wasu enzayim biyu, katales da gulutatayon faroksides, su karɓa su mai da shi ruwa. Ku dubi kayan aikinsu da kyau: SOD na buƙatar zinki da jan ƙarfe ko manganis, katales na buƙatar sinadarin ƙarfe, ɗayan kuma seleniyom. Dukansu daga abinci suke zuwa. Bitamin E na zaune a cikin kitsen ƙwayar halitta yana katse waccan ɓarna mai bin layi, bitamin C kuma yana farfaɗo da shi idan ya galabaita.

Idan ɓarnar ta fi ƙarfin masu tsaro, an shiga yanayin da wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya raɗa wa suna oksidetib sitires a 1985. Hayaƙin taba, gurɓatacciyar iska, barasa, zafin hasken rana a fata, sukarin da ya daɗe yana sama a jini, duk suna rinjayar da ma'aunin.

Ga misali a zahiri. Mutum kusan miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancin wani enzayim, G6PD, wanda jajayen ƙwayoyin jini ke dogaro da shi wajen kare kansu. Lafiyarsu lau, ba ka ganin komai. Amma ranar da ɗayansu ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro irin su firimakwin, ko ya ci waken faba, cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙwayoyin jininsa na iya fara fashewa. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, numfashi ya yi sama-sama. A jijiyoyin jini ma haka ne, sai dai a sannu: kitsen LDL da oksijin ya lalata shi ne fararen ƙwayoyin jini ke haɗiya su maƙale a bangon jijiya, shekara da shekaru, har hanya ta tsuke.

Tun 1956 wani masani Ba'amurke, Denham Harman, ya ce firi-radikal ne tushen tsufa. Bincike kuma ya yi ta nuna cewa masu yawan cin 'ya'yan itace da ganyayyaki sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da wasu nau'o'in daji. Lissafin ya zo da sauƙi: a tatso antioksidan ɗin da ke cikinsu, a dunƙule shi a ƙwaya, a ninka yawansa. Wa zai ce a'a?

Sai aka gwada. A Finlan, an bibiyi maza masu shan taba fiye da 29,000, wasu ana ba su miligiram 20 na beta-karotin (antioksidan ɗin da ke ba karas launinsa) kullum. Da sakamako ya fito a 1994, dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen masu shan ƙwayar. Wasu suka ce ai tsautsayi ne na lissafi. A 1996 aka dakatar da gwajin CARET a Amurka kafin wa'adinsa, mai mutum sama da 18,000, domin ƙarin dajin huhu a wajen masu shan ƙwayar ya kai kashi 28. A 2011 gwajin SELECT, mai maza fiye da 35,000, ya nuna cewa bitamin E ya ƙara dajin furosteti (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da kashi 17. Abin kunya ne, amma irin kunyar da ke ceton rai.

To me ya faru? Ashe jiki da gangan yake ƙera firi-radikal da danginsa. Fararen ƙwayoyin jini idan suka haɗiye ƙwayar cuta, da su suke kashe ta, har da sinadarin da ke cikin bilic na wanki. Yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya wannan aiki, cuta ba ta barinsu su huta. Motsa jiki ma yana ƙara firi-radikal, kuma wannan ƙarin shi ne saƙon da ke sa jiki ya ƙera ƙarin enzayim na tsaro. A 2009 Michael Ristow da abokan aikinsa a Jamus suka ba samari masu atisaye bitamin C da E da yawa na mako huɗu. Ribar da atisaye ke kawowa wajen aikin insulin sai ta ɓace. Kuma kada mu manta, ƙwayar daji ita ma tana son kariya.

Lemu guda ba bitamin C kaɗai ba ne. Akwai harza, da fotasiyom, da ɗaruruwan sinadarai 'yan kaɗan-kaɗan. Kuma duk wanda ya cika ciki da ganye ya rage wurin wani abin. A ganina nan ne 'yan talla suka fi yaudarar mutane: suna auna ƙarfin sinadari a kwalbar ɗakin gwaji, su ce haka zai yi a jini. Ma'aikatar Noma ta Amurka da kanta ta sauke jadawalin irin wannan awo, ORAC, daga shafinta a 2012 saboda wannan dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a rana. A sassaɓa launi: tumatir, karas, alayyahu, lemu, a haɗa da wake da gyaɗa.

Ƙwaya tana da wurinta. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin bitamin, a ba shi. Gwajin AREDS na 2001 ya nuna wani haɗin bitamin da zinki ya rage ta'azzarar wata cutar ido ta tsofaffi da kusan kashi 25, amma ga waɗanda cutar ta riga ta kama, bisa umarnin likita. Mai shan taba, ko wanda ya daɗe yana sha ya bari, ya nisanci ƙwayar beta-karotin. Wanda kuma ake yi wa maganin daji, kada ya kai kowace irin ƙwayar antioksidan bakinsa sai likitansa ya sani.